Gurbin Sunan Ɗiyar Fari

Jumma'a, bayan sallar Asuba

Ban so in rubuta abin da ya faru jiya a zauren ƙungiyar manoma ba, amma in ban juye shi wani wuri ba zai shaƙe ni. Matan da ke noman wake sun cika zauren maƙil, har da na Safo, ƙauyen surukata Hajiya. An tara su ne a nuna musu sabuwar manhajar salula da za ta riƙa kawo musu saƙon murya kan tsutsa da ruwan sama. Ni ina gefen majigi da sabon mayafi, ina jin kaina. Ɗanjuma abokin aikina ne riƙe da mikro. Ya danna, ya sake dannawa, manhaja ta faɗi warwas. Maimakon hoton gonar wake, sai bango ya cika da layukan kuskure daga sama har ƙasa, kuma kowane layi da sunan yarinyar ya fara.

Sunan ɗiyata ta fari nake nufi, wanda bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi.

Wata da ta yi lekol, wato makarantar boko, ta karanto shi da ƙarfi, ta ce, "Wace ce wagga da ta cika bango haka?" Ɗanjuma kuwa, bakinsa ba linzami, ya yi dariya cikin mikro ya ce, "Ai ɗiyar Madam Bushira ce ta fari. Duk aikin da sunanta ta yi shi." Sai wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Boko ya cinye musu kunya." Dariya ta tashi ko ta ina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ita kuma ta ƙi tsagewa.

Kuma abin ya zo daidai lokacin da nake roƙon Hajiya ta ba ni yarinyar. Tun yaye take hannunta a Safo, yadda ake yi da ɗan fari. Bana ta ci sartifika, jarrabawar gama firamare, Malam maigidana ya samo mata wuri a koleji nan Madarunfa, yarinyar kuma ta ce ba za ta zauna gidanmu ba. Binta ƙanwar Malam ta ce a ba ta ita ta tafi da ita Katsina. Kafin a buɗe lekol Hajiya za ta yanke magana. In yarinyar nan ta haye iyakar ƙasa, na san na rasa ta ke nan.

Jumma'a, da La'asar

Ban fita ba. Na ce wa Malam ciwon kai nake.

Asabar, da hantsi

Ɗanjuma ya zo da kankana, wai ban haƙuri. Na bar shi tsaye a zaure har jikinsa ya gaya masa, sannan na fito. Ya ce, "Wallahi Madam, ni yabo na ɗauka." Na ce, "Yabo? Ka taɓa jin innarku ta kira sunan babban yayanku?" Ya sunkuyar da kai yana murza makullin moto, babur ɗinsa. Kankanar ma ba ta nuna ba.

Amma ya gano abin da ya kada manhajar, wannan kam na ba shi. Akwai abin da nake kira rumbu, tarin ƙananan ayyuka ne da na rubuta tun ina jami'a a Maraɗi, masu matse murya su aika ta ko da rezo, wato layin sadarwa, ya yi rauni. Duk mai gina manhaja yana ɗiba daga ciki. Kowane aiki a rumbun yana ɗauke da sunan gida a gabansa, kamar a ce Sani na gidan wane, don kada ya rikice da aikin wasu mai suna irin nasa. To samarin da ke yi wa direbobin garin Ɗan Issa manhaja sun kwafi rumbun, sun gyara shi daidai bukatarsu. Sabuwar manhajar tamu tana bukatar namu, tana bukatar nasu. Gida biyu ke nan da suna ɗaya. Salula ta kira wannan, wancan ya amsa, shi ke nan ta kife.

Maganin, in ji shi, a daina kafe sunan a cikin rubutun. A bar gurbi, duk wanda zai gina manhaja ya cike shi da sunan da ya ga dama lokacin gini. Mu mu sa namu, ƴan Ɗan Issa su sa nasu, su zauna lafiya a salula ɗaya. Ni ma na san haka, ba sai yaron jiya ya koya mini ba. Ya ƙara da cewa, "Kin ga da haka sai sunan ya fita, magana ta mutu." Na ce to.

Ranar da na fara rumbun, inji, wato kwamfuta, ya nemi sunan gida, yatsuna suka rubuta nata, ko tunani ban yi ba. Na ce wa zai gani? Harshen inji ne, kaf danginmu babu mai karanta shi. Kullum sai in buga shi ya fi a ƙirga, in tashi in ɗora tukunya zuciyata wasai. A wannan littafin ba na iya rubuta shi. Nan Hausa ce, kamar da baki nake magana.

Lahadi, rana tsaka

Ladi maƙwabciyata mai ƙosai ta leƙo ta katanga. "Bushira, an ce kin buɗe sinima da sunan ɗiya. Yaushe za a haska na Malam mu zo kallo?" Na ce ta je ta duba ƙosanta yana ƙonewa. Ta sauka tana ƙyaƙyatawa. Ladi ba ta da mugunta, amma in magana ta kai bakin kaskonta, to ta gama gari.

Litinin, da safe

Na fara aikin. Na ɗauka abu ne kamar shan ruwa: a nemo, a musanya, a tashi. Ina! Sunan ya shiga ko'ina, har kan dosiye da ake adana rubutun ciki, har cikin gwaje-gwaje. Na musanya shi a dunƙule da SUNAN_GIDA, na sa inji ya gina, ya zubo mini kuskure kamar an kwance bakin buhun gero. Na mayar da komai yadda yake, na koma bi layi-layi. Duk inda na tarar da shi sai in goge in sa gurbi. Kafin Azahar idona ya yi ja, Jamila ƙaramar tawa ta tambaye ni ko albasa na yanka.

Talata, bayan Azahar

An ɗauke kuran, ba wutar lantarki, batir ya mutu. Alhamdu lillahi.

Laraba, da yamma

Hajiya ta kira Malam, ba ni ba. Ya fita waje da salula, ya daɗe. Da ya dawo ya zauna ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Lahadi ki shirya ki je Safo ki gaishe ta." Na ce, "Mi ta ce?" Ya ce, "Kin san mi ta ce." Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, da hantsi

Yau na saurari bakina. Jamila zo. Jamila bari. Jamila sauko daga kan turmin nan kafin in zo. Tun safe har yanzu ban huta da sunan ba.

Da babbar Sallah yarinyar tana gidan nan, wannan take ji yini guda. Ita kuwa "ke" ce, in an yi mata gata a ce "Ƴar Hajiya". Ranar Sallar ta zo da gudu ta nuna mini lallen hannunta a gaban baƙi. Ba zan rubuta abin da na yi ba. Abin da duk uwa mai kunya za ta yi ne, matan ma sun yaba, wata har ta ce ashe bokon bai ɓata ni ba. Washegari yarinyar ta ce a mai da ita Safo, tun nama bai ƙare ba.

Asabar, da La'asar

Akwai wani tsohon sashe a ƙasan rumbun da na rubuta da harshen da bai san sunan gida ba sam. A can manna sunan na yi a jikin kowane aiki, ɗaya bayan ɗaya. Dole na rubuta ɗan abin da zai riƙa manna duk sunan da aka ba shi lokacin gini. Ya cinye mini yini, tuwo ya yi gudaji.

Sai kuma tambayar da nake gudu. In mai gini bai ba da suna ba, wanne inji zai ɗauka? Na kira Ɗanjuma, ya ce, "Ki bar na da ɗin mana, don kada tsofaffin manhajojin da suka dogara da shi su karye. Haka ake yi." Gaskiya ya faɗa, haka ake yi. Na ce a'a. Na sa "murya". Ya ce za mu sha aikin gyaran tsofaffin. Na ce mu sha, ai shi ya jawo.

Litinin, bayan Asuba

Jiya na je Safo da kabu-kabu, moton haya. Hanya cike da amalanke, dammunan gero sun rufe jakunan sai kunne kake gani. Duk wanda muka wuce sai in ga kamar ya sani. Na kai wa Hajiya sabulu da goro.

Ta bar ni durƙushe tana ɓarar gujiya, ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Sannan ta ce, "Bushira, mijinki a kanshi na fara. Ga furfura ta fara fito mishi, har gobe ban san ɗanɗanon sunanshi a bakina ba. Kina tsammani ba ni son shi?" Na ce a'a, Hajiya. Ta ce, "Ke kuma kin ɗauki na taki kin shanya a bango gaban matan ƙauyuka. Ana tare ni a hanya ana mini barka." Na ce kuskuren inji ne. Ta ce, "Inji ne ya haife ta?"

Na gyara durƙuso. Can na ce ina cirewa, ya kusa fita duka. Ta ce, "Ki cire. Maganar lekol kuma, ita ta ce ba ta zuwa gidanku, ni ba ni tilasta ta. Binta na tahowa Asabar mai zuwa."

Yarinyar ce ta kawo mini ruwa a kwano. Ta yi tsawo, wuyanta irin na innata sak. Ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Maman Jamila." Haka take kirana. Ta ɗago ta dube ni, wani irin kallo da ba ta taɓa yi mini ba, kamar tana jiran in ce wani abu. Hajiya na zaune, ɓawon gujiya na ƙara a hannunta. Na ce, "Ke, an gode." Ta ɗauki kwanon ta fita.

A hanyar dawowa na yi kuka cikin mayafi. Mai moto ya ce ko wani abu ne ya faɗa mini a ido, na ce i. Kunyar Hajiya nake ji, kunyar yarinyar nake ji, ban ma san wadda ta fi cina ba.

Talata, da yamma

An gama gurbin. Na gina rumbun sau biyu, ɗaya da sunan "wake", ɗaya da sunan "mota", na zuba su a salula ɗaya. Sun zauna lafiya lau. Saƙo ya tafi, saƙo ya dawo, ba tari ba atishawa. Ɗanjuma ya buga tebur don murna, samarin Ɗan Issa suka aiko da godiya har da addu'a. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, ban taɓa rubuta abu mai tsabtarsa ba. Ban ji daɗin komai ba.

Laraba, bayan Azahar

Ɗanjuma ya ce an gama. Na ce saura tarihi. Inji yana ajiye duk tsofaffin kwafi tun daga ranar farko, duk mai so yana iya komawa baya ya gani. Ya ce, "Haba Madam, wa zai tona? Ba a taɓa tarihi. In abu ya lalace, da shi ake gane inda aka kauce." Na ce da ma can cewa na yi wa zai gani, ga shi duk Safo ta gani. Na buɗe sabon wuri, na zuba rumbun kamar yau aka fara shi, na share tsohon. Na matsa wa samarin Ɗan Issa su ma suka share nasu, suna ta mamaki. Na sa inji ya nemo sunan a ko'ina, ya ce babu. Na ce wa Malam ya gaya wa Hajiya an cire.

Alhamis, da safe

Na buɗe inji. Yatsuna sun buga harafin farko da kansu. Na goge.

Alhamis, da La'asar

Jibi Binta. Na naɗe katifar da na saya wa yarinyar, na tura ƙarƙashin gado.

Jumma'a, bayan La'asar

Ga takalman yarinyar nan a ƙofar ɗaki. Tana ciki, Jamila na nuna mata ƴar tsana. Ban sani ba ko gobe takalman nan za su tafi Katsina. Ba ta ce ba, ban tambaya ba. Bari in rubuta tun hannuna yana iyawa.

Wajen rana tsaka ina tsakar gida da inji a kan tabarma, sai na ji sallama. Ita ce, ita kaɗai, ƙafafunta duk ƙasa. Ta biyo amalanken maƙwabcin Hajiya da ya kawo wake, ta ce wa Hajiya za ta yi wa babanta ban kwana. Malam ba ya nan. Na ce ke, shigo, ga ruwa. Ba ta sha ba. Ta tsaya a kaina ta ce, "Maman Jamila, yara suna ta tsokanata a bakin rijiya. Wai kin rubuta sunana cikin injinki, wai har ya cika bango. Gaskiya ne?"

Na ɗauka ita ma kunyar ce ta koro ta. Na yi sauri na ce gaskiya ne, amma ta kwantar da hankalinta, ba wanda zai ƙara tsokanarta. Ta ce, "Ni ba su dame ni ba. So nake in gani kafin in tahi."

Innalillahi. Ashe abin da take jira ke nan a Safo.

Na juyo mata injin, don ban san mi zan yi ba. Ta durƙusa kusa da ni, kafaɗarta na taɓa tawa. Ta iya karatu sosai, ni ban ma sani ba. Ta bi layukan da yatsa, na gangara mata, ta bi, na sake gangarawa. SUNAN_GIDA, SUNAN_GIDA, ko'ina shi ne. Ta ce, "Babu." Na ce na cire. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta ce, "Don mi?" Na ce an yi mini dariya ne. Ta ce, "To."

Na rikice, na shiga zuba mata bayani kamar ina gaban ƴan ƙungiya. Na nuna mata gurbin, na ce kin ga nan, yanzu-yanzu sai in mayar, a nan kawai ake rubutawa, inji ya gina, ya fito ko'ina kamar da. Ta daɗe tana duban wurin. Ta ce, "Kowa na iya sa sunan da yake so?" Na ce i, ai amfanin gyaran ke nan. Ta ce, "Ko na Jamila?" Na ce ko na wa. Ta ce, "To ai ba nawa ba ne ke nan."

Ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta ce a gaida Baba, mai amalanke na jiranta. Ta fita. Ni ina zaune kamar an dasa ni.

Ban san lokacin da na tashi ba. Sai ganina na yi a ƙofar gida, ba mayafi ba takalmi. Jumma'a ce, titi cike. Ladi na wanke kaskonta a ƙofa, maza sun fara fitowa da darduma za su masallaci, ga Malam can tafe da maƙwabta. Ita kuma ta kusa shan kwana. Na ce "ke", ko Ladi ba ta ji ba, kuma mata nawa ne a titin. Sai na kira ta.

"Barira!"

Ya fito da ƙarfin da ban nufa ba. Ladi ta saki kaskon. Maza suka tsaya cak. Malam ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni daga kai har ƙafa, ba zan ce ba ta rufe ni ba.

Ita ma ta tsaya. Ta dubi Ladi. Ta dubi shagon Inusa mai ɗinki, ta dubi matan da ke bakin famfo, tana neman wadda ta kira ta. Ƙofarmu ce kaɗai ba ta duba ba.

Sai da na sake kira.